Ajamin Kawu a Gefen Jarida

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi. Wannan na karɓa, ban yi jayayya da Mai abu ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne bakin mutanen Zongo.

Tun da aka dawo daga maƙabarta aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba har bakin kwata, masu zemijan suna ta sauke mutane daga kan baburansu. Ni ina ciki wajen mata, kusa da Inna, matar Kawu, amma tagar ɗakin tana kallon rumfar maza, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena ya sauka. Na ji wani dattijo mai sayar da atamfa a kasuwar Asigame yana cewa, "Kai, Zongo ta yi rashi. Bawan Allahn nan akwai ilimi." Na leƙa na gan shi da kyau. Shi ne wanda shekara da shekaru, in Kawu ya wuce da jarida a hammata, yake ɗaga murya ya ce, "Ku ba Baturen Zongo hanya, zai je majalisar Ingila." Ranar kuwa har da share ido da bakin babbar riga.

Mata ma ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce mutum ne mai haƙuri. Waccan ta ce ba a taɓa jin kansa da kowa ba. 'Yan mata suna wucewa da farantin abinci suna ce mini, "Tanti, du courage," wato sannu da haƙuri da Faransanci, su koma kan wayoyinsu. Saboda Inna kawai na riƙa amsa gaisuwar. Kawu ba shi da haƙuri ko na anini. An ji kansa da mai gyaran rediyo, an ji kansa da ƙanensa, an ji kansa da ni, an ji kansa da marubutan Accra da Legas waɗanda ba su ma san yana duniya ba. Mutumin da ake yabo a rumfar nan wani salihi ne da aka ƙera da safe don a ji daɗin zaman makoki, ba yayan mahaifiyata ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kafin wancan baƙon ya cinye masa wuri.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa, idona yana kan ƙofar ƙaramin ɗakinsa na tsakar gida. A cikin ɗakin nan akwai abu ɗaya tak da nake so daga duk abin da ya bari: jaridunsa. Ba ni da gado a gidan, na sani, 'yar ƙanwa ce ni. Amma na tabbata ba wanda zai yi takara da ni a kan tsofaffin takardu.

Kawu bai taɓa shiga lekol ba, wato makarantar boko. Allo ya yi, ya yi littattafai kaɗan, sai fataucin goro ya ɗauke shi tsakanin Ghana da nan da Najeriya. Ingilishin kasuwa yana da shi, na nawa ne da rage mini. Yadda ya faɗa cikin na jarida, shi da kansa ya ba ni labari, kuma duk lokacin da ya maimaita sai jijiyar wuyansa ta tashi. Wata rana a tashar mota a Kumasi wani ɗan boko yana karanta wa jama'a shafin ra'ayi da ƙarfi, ana ta dariya ana waiwayen Kawu. Shi ma ya buɗe baki ya taya su, don kada a ce bai gane ba. Sai da mota ta tashi wani ya raɗa masa cewa rubutun a kan baƙin fatake ne irinsa, kuma ba kalmar arziki ko ɗaya a ciki.

"Na yi dariya a kan zagin kaina," in ji shi. "Har da tafi. Ubana yana kabari ana ce masa ƙwaro, ni ina tafi."

Daga nan ya sa kansa a makarantar da ba malami. Garinmu garin Faransanci ne, jaridar Ingilishi ba ta yawo a titi, saboda haka duk mako yakan tsallaka iyaka zuwa Aflao da ƙafa, wajen wani mai jarida da ke ajiye masa kwantai. Bai damu da ta yau ce ko ta watan jiya ba. Yana zuwa gida zai zare shafin tsakiya, inda masu ra'ayi ke baje kolinsu, ya ba yara sauran su yi jirgi. In ka tambaye shi me ya sa ba ya karanta labarai sai ya harare ka. "Labari rediyo ma ya faɗa. Ni wurin da nake so shi ne inda mutum ya zauna, ya sha shayi, ya ɗaure maganarsa da kyau don ya juya mini kai. Nan ake ɓoye wuƙa."

Yadda yake aikin ne abin kallo. Bayan ya karya da koko da ƙosai zai shimfiɗa buzu a bakin ɗaki, ya ɗora shafin a kan cinya, ya rubuta bisimilla a sama da jan biro kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Sa'an nan ya bi layi-layi da yatsa. Duk kalmar da ta tsaya masa a wuya sai ya ja mata layi, ya rubuta ma'anarta da ajami a ƙasa, ƙanana-ƙanana, daidai yadda malamai ke rataya fassara a littafin fiƙihu. Yana da ƙamus wanda bayansa ya cire, amma ba ya gaggawar buɗe shi. Ya ce kalma abokiyar ciniki ce, ba a yarda da ita ranar farko. Sai ka gan ta a bakin wannan marubuci, ka sake ganinta a bakin abokin gabarsa, ka ga da wa take yawo, sa'an nan ka tambayi ƙamus asalinta. Sau da yawa ƙamus ya ƙaryata shi, ya rufe shi da ƙarfi ya ce wanda ya rubuta bai taɓa zama da 'yan siyasa ba. Wani lokacin ƙamus ne ke da gaskiya, amma ba a gaban Kawu za ka faɗa ba.

Kuma ba ma'ana kawai yake rubutawa ba. Gefen kowane shafi cike yake da faɗansa da marubucin. Nan ya sa "Allah wadanka", can ya sa "Subhanallahi, ji ƙarya", can ƙasa "Allah ya yi maka albarka, ka faɗi gaskiya yau". Ba na jin akwai shafi ɗaya da ya wuce ta hannunsa bai kira sunan Allah a kansa ba, ko don yabo ko don tsinuwa.

Ni na shigo harkar ne da kuka. Shekarar da na faɗi jarrabawar gama sakandare, Ingilishi ne ya kayar da ni, na kulle kaina a ɗaki a gidanmu na unguwar Bè na ce na gama da karatu. Kowa ya zo da lallashi. Kawu ya zo da jarida. Bai ce mini sannu ba, ya miƙo shafi ya ce, "Karanta. Mutumin nan yabon ministan yake ko yanka shi yake?" Na karanta da Ingilishina na aji, na ga kalmomi masu daɗi, na ce yabo ne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"An yanka mutum an feɗe, ke kina cewa an sa masa rawani. Duba nan." Ya dangwala yatsa a kan "ostensibly". A ƙasanta ya rubuta da ajami: a ido dai. "In kin ga wannan, duk abin da ya biyo baya marubucin bai yarda da shi ba. Ga kuma ƙanwarta, 'so-called'. Wai ke nan. Mu da harafi uku mun gama, su sai sun yi doguwar tafiya." Ya nuna mini "notwithstanding" ya ce wannan kwana ce, in na gan ta in riƙe kujera da kyau, direba zai juya. Haka ya raba mini kalmomin manya gida-gida, masu mari a fili, masu shafa kai kafin su mara, da masu buɗe wa marubuci ƙofar baya in an zo kama shi. Ba wanda ya taɓa gaya mini a aji cewa kalma tana da hali.

Mutumin nan yana tsoron babur kamar me. In ya hau zemijan rufe ido yake yana salati, ya riƙe rigar mai tuƙi har ta kusa yagewa. Amma damina guda cur, kowace safiya, sai da ya hau daga Zongo har Bè da shafi a cikin leda, ya zaunar da ni ya sa ni gardama da mutanen da ban taɓa gani ba. Na sake zama jarrabawar na ci. Yau Ingilishi nake koyarwa a wata makaranta a Hanoukopé, kuma rabin abin da nake faɗa wa ɗalibaina daga bakin buzun nan na kwaso shi. Ranar da sakamako ya fito na je da gudu na gaya masa, ya ce, "To, sai me? Kin san 'disingenuous'?" Ban sani ba. Ya ce in zauna.

Kada a ɗauka zama da shi daɗi ne zalla. Ranar da na nuna masa waya tana fassara kalma kafin a ƙifta ido, ya karɓa ya juya ta, ya miƙo mini ya ce in tashi daga buzunsa. Wai wanda aka tauna wa abinci ba ya sanin inda ƙashi yake. Ya daina yi mini magana har Sallah ta zo ta wuce, Inna ce ta yi ta kai da kawowa. Har gobe ina cewa ya yi tsauri, wayar ba ta kashe kowa ba.

Babban faɗansa kuwa da ƙanensa ne, wanda muke kira Kawu Ƙarami, na'ibin limamin masallacin unguwarsu. Mutum ne mai tsoron Allah na gaske, ba na riya ba, wannan ko ina fushi zan faɗa. Wata ranar Sallah ana cin tuwo ya ɗaga wani shafi da ke gefen buzu, ya juya bayansa, sai ga tallan giya da mace riƙe da kwalba. Ya ajiye cokali.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Bisimilla a gaba, wannan a baya? Haruffan da muke karanta Alƙur'ani da su kake jerawa a nan?"

Kawu ko ɗaga kai bai yi ba. "Su na iya. Da na ƙasar Sin aka koya mini, da su zan rubuta. Kuma wanda ya ba ni hankalin gane maƙaryaci, ba zan ji kunyar kiran sunansa a gaban maƙaryaci ba."

"In ka mutu fa? Wa zai tsare su?"

"In na mutu ka tambaye ni."

Aka yi dariya, ban da su biyun. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta bakin masallaci, hannu ya taɓa hannu kowa ya kama gabansa. A nan ina da fushi da Kawu shi kansa, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ya yi jinya, hankalinsa garau har ƙarshe, ya yi wasiyya a kan rumfarsa ta kasuwa, ya yi a kan agogonsa. Mutumin da ya san sunan kowace dabara da ake yi da magana ya kasa buɗe baki ya ce a ba wance jaridu. Ya ɗauka kowa ya sani.

Ranar sadakar uku na tare babban ɗansa a zaure. Abokin wasana ne, a Kwatano yake sayar da kayan gyaran mota, ban taɓa ganinsa da takardar da ta wuce rasit ba. Na ce, "Yaya, jaridun Kawu nake so. Duka."

Ya yi murmushin farko tun da aka yi rasuwar. "Ke dai da kayan ɓeraye. Gado ya tashi, kowa na duban fili, ke kina duban shara. Bari a yi bakwai ki kawo mota ki kwashe, kin ma rage mana aiki."

Na ce ya rantse. Ya ce, "Haba, ma sœur, ƙanwata, sai ka ce zinariya." Na yarda da shi. Na je na roƙi shugabar makarantarmu ta ba ni wani kabad a ɗakin malamai, na yi magana da mai keken kaya, na sayo manyan ledoji saboda laima. Har na fara tsara yadda zan riƙa fito da shafi ɗaya duk mako in ɗora wa manyan ɗalibai a gaba, su ga yadda tsohon da bai shiga aji ba ya yi kokawa da kalma har ya kayar da ita.

Ana gobe sadakar bakwai na tashi daga makaranta da la'asar na wuce Zongo don in taya aikin abinci. Tun daga bakin layi na hango hayaƙi yana tashi ta bayan gidan. Na ɗauka wutar girki ce. Sai da na shiga na ji warin, ba na itace ba ne.

A bayan gida an share wuri tas an yayyafa ruwa. An kawo rabin ganga an wanke ta, an ɗora a kan duwatsu don kada ta taɓa ƙasa. Kawu Ƙarami yana zaune a kan tabarma cikin fararen kaya, da alwalarsa, yana ɗaukar shafi da hannu biyu, ya motsa leɓe, ya sa a wuta, ya jira ta cinye shi kafin ya ɗauki na gaba. Ba watsa su aka yi ba, ba tula su aka yi ba. Tun hantsi yake wannan aikin, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Abin da ya rage a gabansa bai kai kaurin tafin hannu ba.

Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Na ce, "Kawu! Me kake yi? Nawa ne! An ba ni!"

Ya ɗago, idanunsa jajur, ba na hayaƙi kaɗai ba. "Ɗiyata, yi a hankali, kada ki taka tabarmar da takalmi."

Yaya, babban ɗan Kawu, ya fito daga zaure yana sosa ƙeya. Wai baƙi za su zo daga Kumasi, ana neman ɗakin da za a sauke su, aka buɗe na Kawu. Wai na'ibi ya shiga ya ga laima ta ci na ƙasa, ya ga kashin ɓera a kan bisimilla, ya fito yana kuka. "Me zan ce masa? Ƙanen Baba ne. Malami ne. C'est fini, an gama, ki yi haƙuri."

Na ce, "Ka ce masa ka yi alkawari! Bakinka ciwo yake?" Na juya wajen Kawu Ƙarami na durƙusa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce ya bar mini ko waɗannan da suka rage. Na ce ina da kabad, ina da leda, ba ɓeran da zai kusance su.

Ya girgiza kai. "Makarantarku ta kowa da kowa ce, hannu nawa zai taɓa, da tsarki da babu? Ke kanki mace ce, ba kullum za ki iya ɗaukarsu ba. Kuma ke ma mutuwa za ki yi, su faɗa hannun wanda bai san mene ne ba. Yayana yana kwance a kabari yanzu, ba ya iya gyara komai. Hannunsa ne ya rubuta sunan Allah a nan. Ban iya hana shi yana da rai ba, amma ba zan bari a taka a rubuta masa ba." Ya kai hannu kan sauran shafukan. "Ni kaɗai na rage masa da zan yi masa wannan."

Ya ɗauki na gaba da hannu biyu. Na ga jan biron Kawu a gefe, na ga layin da ya ja a ƙarƙashin wata doguwar kalma, ban kai ga karanta ta ba wuta ta lanƙwasa shafin. Na yi ihu har mata suka fito daga madafa da ludaya a hannu. Inna ta kama ni ta rungume tana shafa bayana. "Yi shiru, 'yar nan. Ai gata aka yi masa. Gobe in an watse za a kai tokar teku, ba wanda zai taka."

Gata. Da ƙiyayya aka ƙona su da na san inda zan kai fushina, da na zagi wanda zan zaga na huta. Amma mutumin ya yi alwala, ya yi kuka, ya ƙona aikin ran ɗan'uwansa saboda yana sonsa, kuma duk gidan suna ganin ya kyauta. Har yau in na gan shi a hanya ina durƙusawa in gaishe shi, ya sa mini albarka, in tashi ina jin kamar in fasa wani abu. Ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma ba zan rubuta ƙarya a ta'aziyyar mutumin da ya tsani ƙarya mai kyan ɗauri ba.

Washegari aka yi addu'a, aka shafa, aka fara rabon sadaka. Ina tsaye a bakin ƙofar mata wata ƙanwar Inna ta dangwara mini ƙunshin masa mai zafi a hannu. Na duba abin da aka naɗe ta da shi. Shafin ra'ayi ne, na Ingilishi, fari fat ba ɗigon ja. Na ɗaga kai na ga rumfa gaba ɗaya, kowane dattijo da irinsa a hannu, har da mai atamfar Asigame yana lasar yatsa. Ashe kafin a kunna wuta sai da aka zauna aka tantance. Duk shafin da Kawu ya taɓa aka ware shi don girmamawa. Waɗanda ya sayo a ƙarshe, ciwo ya hana shi zama a kansu, aka ce wannan takarda ce kawai, kada a yi asararta.

Ban ci masar ba, na ba wata yarinya. Shafin na ninke na kawo gida na shimfiɗa a kan tebur, man masar ya ratsa shi har ana ganin katako ta ciki. Wani ne yake faɗa da gwamnatinsu a kan harajin kasuwa. A sakin layi na biyu na yi karo da kalmar da ban sani ba, na ja mata layi, ban buɗe ƙamus ba. Na ɗauki biro zan rataya abin da nake zato a ƙasanta, hannuna ya tafi dama da kansa zai fara ajami. Na tsayar da shi. Na koma hagu na rubuta da boko, ban sa bisimilla a sama ba, a zuci na yi ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta da gardama, ya yafe masa tsaurinsa da shirun da ya yi mini. Ni kuwa nawa shafukan, ranar da tawa ta zo, kada wanda ya yi musu gata. A naɗe ƙosai da su a raba a rumfa, ko wani zai karanta layi ɗaya kafin ya goge hannu.